Fatalwowin Zangon Turawa: Tsofaffin Masaukan Karusa na Ingila da Baƙin da Ba Sa Tafiya



A ƙasar Ingila akwai tsofaffin masaukai masu yawa, waɗansu sun haura shekara ɗari uku, da ke tallar kansu da abin da mu a nan za mu yi ta ɓoyo: wai akwai fatalwa a cikinsu. Mai gidan zai nuna maka ɗakin da ake jin taku da tsakar dare, ya faɗa maka sunan mamacin da ke takun, har da shekarar da ya mutu. Baƙi na neman wannan ɗaki da gangan, ƙungiyoyin masu bincike kuma na biyan kuɗi su kwana a gidan da na'urorinsu, ko Allah ya sa su ga wani abu.

Malamanmu sun koya mana cewa kafin a auna magana, sai a auna hanyar da ta biyo: wa ya faɗa, daga wa ya ji, kuma yaushe. Idan aka bi isnadin fitattun fatalwowin waɗannan gidaje, sau da yawa sarƙar kan tsinke kafin ta kai ga wanda ya gani da ido. Takan tsaya ne a teburin wani marubuci, kuma labarin kan yi ƙarfi a daidai lokacin da gidan ya rasa cinikinsa na asali.

Kafin zuwan jirgin ƙasa, doguwar tafiya a Ingila da karusa ake yin ta, wato babban keken doki mai ƙafa huɗu wanda dawaki huɗu ke ja. Masu hali na zama a ciki, marasa ƙarfi kuma su hau rufi a kan kuɗi mai rahusa. Doki ba ya iya jan irin wannan kaya da sauri fiye da mil 10 zuwa 15, saboda haka aka kafa gidaje a jere a kan manyan hanyoyi, inda ake kwance gajiyayyun dawaki a ɗaura sababbi, fasinja su ci abinci ko su kwana. Duk wanda ya san asalin kalmar zango, wurin da ayarin fatake ke yada kaya kafin ya ci gaba, ya riga ya gane abin da ake nufi. Nasu zangon gini ne na dutse ko na katako, da babbar ƙofa mai baka wadda karusa ke shigewa ta ƙarƙashinta, da tsakar gida, da barga, da ɗakunan kwana, da ɗakin shan giya.

Wata tallar karusa ta shekarar 1706 ta yi wa matafiya alkawarin kai su daga Landan zuwa York, tafiyar kimanin mil 200, cikin kwana huɗu idan Allah ya yarda. Daga baya aka gyara hanyoyi da kuɗin da ake karɓa a shingaye, aka kuma fara karusar gidan waya a 1784, mai ɗauke da ɗan rakiya da bindiga. Zuwa shekarun 1830 wannan tafiya ta York ta koma kamar awa 20. A lokacin, wani ɗan kasuwa na Landan mai suna William Chaplin shi kaɗai yana da dawaki fiye da dubu a kan hanya. Garuruwa da dama ba su da wani abin dogaro sai wannan zirga-zirga: maƙera, masu sayar da harawa, masu gyaran ƙafar karusa, 'yan aikin barga, masu dafa abinci da masu wanki.

Rushewar abin ba ta ɗauki lokaci ba. An buɗe layin dogo tsakanin Liverpool da Manchester a 1830, na Landan zuwa Birmingham a 1838, na Landan zuwa Bristol a 1841. Chaplin ya hango abin da ke tafe, ya sayar da yawancin dawakinsa ya zuba kuɗin a kamfanin jirgin ƙasa. Waɗanda ba su iya yin haka ba suka wayi gari barga ba doki, ɗakuna ba baƙo. Masaukin George na unguwar Southwark a Landan, wanda aka sake ginawa a 1677 bayan gobara, ya faɗa hannun kamfanin jirgin ƙasa, aka rushe yawancinsa don a yi ɗakunan ajiyar kaya. Ɓangare ɗaya ya rage, shi ake ziyarta a yau.

Babu fatalwar da ta fi ta Dick Turpin yawan masauki. Gidan Spaniards da ke gefen dajin Hampstead a arewacin Landan na cewa ana ganinsa a saman bene, ana kuma jin kofaton goɗiyarsa a waje. Gidan Bell na garin Stilton, a kan babbar hanyar arewa, na cewa ya ɓuya a can na makonni, kuma har yanzu yana leƙowa. Idan aka tara gidajen da ke ikirarin ya sauka a cikinsu, sai mutum ya yi mamakin yaushe ya sami sukunin yin fashin.

Turpin mutum ne na gaske, kuma takardun kotu da jaridun zamaninsa sun adana labarinsa. An haife shi a 1705 a ƙauyen Hempstead na yankin Essex, ɗan wani mahauci mai riƙe da ƙaramin masauki. A nan ma isnadi ya fara rawa, domin gidan Spaniards na cewa uban Turpin shi ne mai gidansu, alhali masaukin uban yana Hempstead ta Essex, wani gari daban da Hampstead ta Landan, harafi ɗaya ne ya raba sunayen. Turpin ya shiga wata ƙungiyar ɓarayin barewa wadda ta koma fasa gidajen manoma. A watan Fabrairu na 1735 suka shiga gidan wani manomi ɗan shekara 70 mai suna Joseph Lawrence, suka yi masa dūka, suka zuba masa ruwan buta a ka, ɗaya daga cikinsu kuma ya keta haddin 'yar aikin gidan. A 1737 Turpin ya harbe wani mutum mai suna Thomas Morris da ya yi ƙoƙarin kama shi, hukuma ta sa ladan fam 200 a kansa.

Ya gudu arewa, ya sauya suna zuwa John Palmer, ya shiga cinikin dawakin sata. Abin da ya kai shi hannu ƙarami ne: ya harbe zakaran wani a kan titi, ya kuma yi wa wanda ya tsawata masa barazana. Daga kurkukun York ya rubuta wa mijin 'yar uwarsa wasiƙa. A wancan zamani wanda aka aika wa wasiƙa shi ke biyan kuɗinta, mutumin kuwa ya ƙi biya. Wasiƙar ta koma gidan waya, inda James Smith, wanda ya koya wa Turpin rubutu, ya ga wasiƙar ya gane hannun. An yanke masa hukunci a kan satar dawaki, aka rataye shi a York ranar 7 ga Afrilu 1739.

To, ina aka samo jarumin nan mai kyan hali, da baƙar goɗiyarsa Black Bess wadda wai ta kai shi York daga Landan a dare ɗaya ta faɗi ta mutu? Wanda ya yaɗa wannan siffa shi ne William Harrison Ainsworth, a littafinsa na ƙagaggen labari mai suna Rookwood, na 1834, shekara 95 bayan an rataye mai sunan. Labarin sukuwa zuwa York ya girmi littafin: tun a shekarun 1720 Daniel Defoe ya ba da shi a kan wani ɗan fashi daban. Ainsworth ya yi rubutunsa ne a lokacin da masu tare hanya a kan doki suka riga suka ƙare, hanyoyi suka yi aminci. Sai da ɗan fashi ya daina zama abin tsoro sannan ya zama abin sha'awa. Kofaton da ake cewa ana ji a Hampstead na dokin da ba a taɓa haifa ba ne.

Abin takaici shi ne gidan Bell na da nasa mahayin na gaskiya. Mai gidan a tsakiyar ƙarni na 18, Cooper Thornhill, shi ne ya riƙa sayar wa matafiya wani cuku da ake kawo masa daga yankin Leicestershire, har cukun ya ɗauki sunan garin Stilton, sunan da yake amsawa har gobe. A 1745 Thornhill ya yi sukuwar fiye da mil 200 tsakanin Stilton da Landan, kai da komowa, cikin kimanin awa 12, yana sauya dawaki a hanya. Duk da haka ɓarawon ne ya sami ɗaki da sunansa a bakin masu yawon buɗe ido.

A yammacin Landan, a ƙauyen Colnbrook da ke kan tsohuwar hanyar Bath, kusa da filin jirgin sama na Heathrow a yau, akwai masaukin Ostrich. Labarinsa shi ne wani mai gida Jarman da matarsa sun kashe baƙi kusan 60. Wai sun kafa gado a kan wata ƙofa da ke daɓen ɗakin sama, idan baƙo mai kuɗi ya yi barci sai su zare sakata, ya faɗo cikin ƙatuwar tukunyar da ke tafasa a ƙasa. Fatalwowin waɗannan bayin Allah, in ji masu ba da labari, ba su bar gidan ba. Wanda ya bi sawun labarin zai tarar da shi a littafin Thomas of Reading, ƙagaggen labari da wani masaƙi mai suna Thomas Deloney ya rubuta wajen shekarar 1600. Deloney ya ɗora labarin a zamanin Sarki Henry na Ɗaya, kusan shekara 500 kafin nasa zamanin, kuma gidan da ke cikin littafin Crane ake ce masa. Ginin Ostrich da ke tsaye yanzu bai wuce na wajen shekarar 1500 ba.

Wani lokaci kuma fatalwar da kayan gini ake shigo da ita. An fille kan Mary, sarauniyar Scotland, a fadar Fotheringhay ranar 8 ga Fabrairu 1587, bisa umarnin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya. Da fadar ta lalace, aka riƙa kwasar duwatsunta. Masaukin Talbot na garin Oundle, mil kaɗan daga wurin, an sake gina shi a 1626, kuma mutanen garin na cewa matakalar katakon da ke cikinsa ita ce wadda sarauniyar ta sauko ta kanta zuwa wurin kisa. Yau ana cewa ana ganinta a kan matakalar, a cikin ginin da aka yi bayan mutuwarta da shekara 39.

Misali mafi kusa da zamaninmu shi ne Jamaica Inn, a tsakiyar tudun Bodmin mai yawan hazo, a yankin Cornwall. An gina shi a 1750 a kan hanyar da ke tsakanin Launceston da Bodmin, aka ƙara masa barga da rumfar karusa a 1778. Yankin ya yi suna da fasa-ƙwauri, wannan gaskiya ne. Amma lokacin da marubuciya Daphne du Maurier ta sauka a can a 1930, ta kuma ɓata a cikin hazo tana yawo a kan doki, gidan shiru ne, ko giya ba a sayarwa. Littafinta mai ɗauke da sunan gidan ya fito a 1936, Alfred Hitchcock ya mai da shi fim a 1939, kuma ita da kanta ta bayyana cewa mutanen cikinsa da abubuwan da suka faru ƙirƙira ce. Daga nan ne sunan gidan ya kai ko'ina. Yanzu yana da ɗakin tarihin 'yan fasa-ƙwauri, yana shirya daren farautar fatalwa, ana kuma ba da labarin wani baƙo da aka kira waje yana tsakiyar shan abin shansa aka kashe shi, wanda wai ake gani zaune a kan katanga.

Hausawa sun ce idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Da jirgin ƙasa ya kwashe matafiya, Turawan Ingila suka shiga begen zamanin karusa, marubuta kuma suka ba su abin da suke so. Tun a littafin Pickwick Papers na 1836 zuwa 1837, Charles Dickens ya saka labarin wani mutum da ya yi barci a filin da aka jibge ruɓaɓɓun karusan gidan waya, ya farka ya ga sun tashi da fasinjojinsu na da. Amelia Edwards ta rubuta nata labarin karusar fatalwa a 1864. Da mota ta fito, masu hali suka koma kan tsofaffin hanyoyi don yawon shaƙatawa, Charles Harper ya wallafa littafi a kan tsofaffin masaukan Ingila a 1906, da wani a kan gidaje masu fatalwa a 1907. Gidan da a da ake tsayawa a cikinsa dole, don doki ya gaji, yanzu sai ya ba mai mota dalilin tsayawa. Tsufa da labari su ne hajar da ta rage masa.

Masu bincike sun biyo baya. An kafa ƙungiyar Ghost Club a Landan a 1862. A 1882 waɗansu malaman jami'a suka kafa Society for Psychical Research, ƙarƙashin shugabancin Henry Sidgwick na Cambridge, da niyyar auna irin waɗannan labarai da ma'aunin ilimi. A wani bincike da suka wallafa a 1894 sun tambayi mutum 17,000 ko sun taɓa gani ko jin wani abu da ba ya nan alhali suna farke, kimanin ɗaya cikin goma suka ce e. Wannan ƙungiya ba ta jin nauyin tona asiri. Harry Price, mafi shahara cikin mafarautan fatalwa na ƙarni na 20, ya yi suna da wani gidan limamin coci a ƙauyen Borley, wanda ya kira gidan da ya fi kowane yawan fatalwa a Ingila. A 1956, bayan mutuwarsa, mambobinta uku suka wallafa rahoton da ya rushe yawancin hujjojinsa.

Talabijin ta sauya salon. Shirin Most Haunted, wanda ya fara a 2002, ya zagaya tsofaffin gine-gine, har da Jamaica Inn, ana kashe fitilu, ana ɗaukar hoto da kyamarar dare, wani mai ikirarin magana da matattu, Derek Acorah, yana kiran sunaye. Masanin halayyar ɗan Adam da ke aiki da shirin, Ciarán O'Keeffe, ya yi shakka, sai ya ƙirƙiri wani gandiroba mai suna Kreed Kafer, ya sa aka ambaci sunan inda Acorah zai ji. Da aka je tsohon kurkukun Bodmin, sai ga wannan gandiroba ya hau kan Acorah yana magana da bakinsa. Sunan kuwa an harhaɗa shi ne daga haruffan Derek da na kalmar Turanci mai nufin maƙaryaci. Jarida ta fallasa zancen a 2005, kuma a shekarar hukumar kula da kafafen watsa labarai ta Birtaniya ta yanke cewa shirin na nishaɗi ne, kada a ɗauke shi bincike. Acorah dai ya ci gaba da cewa baiwarsa gaskiya ce har ya mutu a 2020.

Duk wannan ba ya nufin wanda ya ce ya ji motsi a irin waɗannan gidaje ƙarya yake yi. Ruwa ba ya tsami banza. Katakon da ya shekara ɗari uku yana ƙara idan dare ya yi sanyi, iska na shiga ta tsofaffin bututun hayaƙi, benaye sun karkace har ƙofa kan buɗe da kanta. Baƙo a ɗakin da bai saba ba barcinsa ba ya nisa, kuma abin da muke kira dannau, inda mutum ke farkawa ya kasa motsi ya ji kamar an danne shi, likitoci sun san shi a kowace al'umma. A 1998 wani injiniya a Coventry, Vic Tandy, ya ba da rahoton yadda ya ga wata inuwa a ɗakin aikinsa, daga baya ya gano wata fanka ce ke fitar da sauti mai kaɗawa kusan 19 a daƙiƙa, ƙasa da abin da kunne ke ji, da aka gyara ta abin ya daina. A 1997 masu bincike biyu a Amurka, Lange da Houran, suka zagaya da mutum 22 cikin wani gidan wasan kwaikwayo. Rabi an gaya musu akwai fatalwa, rabi an ce gyara kawai ake yi. Waɗanda aka gaya wa su ne suka fi jin abubuwa. Wanda ya karanta labarin ɗaki kafin ya kwanta a ciki ya riga ya shigo da rabin fatalwarsa a jaka.

Mu dai mun yi imani da gaibu, mun san akwai aljanu, kuma malamai sun karantar da mu cewa wanda ya mutu ya shiga barzahu, ba ya dawowa yawo a duniya. Wannan fage ne na malamai. Abin da ya shafi mai tarihi shi ne sunayen da ake liƙa wa motsin, domin a nan ne hasarar take. Fatalwowin da ake talla kusan duk sarakuna ne, ko 'yan fashi, ko mutanen cikin littafi. Waɗanda suka sha wuyar hanyar da gaske ba a cika kiran sunansu ba: yaron bargan da ke tashi da tsakar dare cikin ƙanƙara ya sauya dawaki huɗu cikin 'yan mintoci, da 'yar aikin da ke hawa bene da ruwan zafi, da fasinjojin kan rufi da jaridun zamanin suka ba da labarin an sauko da su sanyi ya kashe su, da dubban ma'aikatan da jirgin ƙasa ya raba da abincinsu cikin 'yan shekaru. Joseph Lawrence, tsohon da aka azabtar a cikin gidansa, ba shi da ɗaki da sunansa a kowane masauki, wanda ya azabtar da shi kuwa ana sayar da hotonsa a jikin kofin shayi.

Masanin tarihi James Sharpe na jami'ar York ya koma ga takardun shari'a ya wallafa littafi a kan Turpin na gaske a 2004, kuma ya iya yin haka ne saboda a 1739 an rubuta abin da kowane mai shaida ya faɗa, da sunansa. Mu da tarihin zangunanmu yake bakin dattawa, wannan ya isa abin lura: duk wanda ya zauna ya rubuta labarin wani tsohon gida, ya rubuta har da wanda ya ba shi labarin, da wanda shi ma ya ji daga gare shi, da shekarar da aka faɗa.

Allah shi ne mafi sani. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.